Ranar da Ƙofa Ta Rufe Labo da Surukarsa

Duk wanda ya zauna Birnin Konni a shekarun nan na dubu biyu, in dai gidansa yana da ƙofa, ya san Labo. In bai san fuskarsa ba ya san ƙeyarsa, don Labo kullum ƙeya yake ba mutane yana duban ƙofarsu. Ni Ashiru, ɗan kabu-kabu, taubashinsa ne. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, saboda haka Allah ya halatta mini tsokanarsa, kuma ban taɓa ganin dama na bar ta ta wuce ba.

Daga wani ƙauye na ƙasar Alela ya fito. Ubansa manomi ne na gaske, ya yi ya yi Labo ya riƙe kalme, wato fartanya, ina! Ana can ana noma, shi yana gida yana kwance kyauren garken awaki yana sake ɗaure shi. Da tsohon ya gaji sai ya ɗora shi kan amalanke ya kawo shi Konni wajen wani kafinta Basakkwace, Malam Dogo, ya ce a yi masa abin da aka ga dama da shi. Labo bai iya kujera ba, bai iya gado ba. Teburin da ya taɓa haɗawa har yau ƙafa uku ke taɓa ƙasa. Amma in ƙofa ce, to ka kauce. Sakata, kwaɗo, makulli, hannun ƙofa, yana taɓa su zai faɗa maka ciwonsu.

Lokacin ne kuma aka fara shigo da hannayen ƙofar nan masu ruwan zinari daga tsallaken iyaka. Kyau kamar ka lasa, amma kafin damina ta fita sun fara lilo, ka murɗa su biyo ka. Kowane alhaji mai mota yana so, kowane ma'aikacin buro, wato ofis, yana so, Labo kuwa kakarsa ta yanke saƙa. Ya rataya jakarsa ta fata, gida gida. Ya shiga gidan mutum ya gaida ƙofa kafin ya gaida mai gida. Na taɓa raka shi gaisuwar mutuwa, ana tsakiyar addu'a na waiga na gan shi yana gwada sakatar zaure yana girgiza kai. Wajen magana kuwa sai ka ce saye yake yi. "To." "Gobe." "Allah shi kai mu." In ka samu fiye da haka a bakinsa, ka yi sa'a ranar.

Matarsa Saratu ita ce ta sha wannan "gobe" ɗin har ta ƙoshi. Tun ɗiyarsu Humaira tana goye, Labo ya je aiki gidan wani mai kuɗi, hannun ƙofa ya kasa masa guda. Sai ya sheƙo gida ya kwance na ɗakin Saratu, ciki da waje, har da ƙarfen tsakiya mai kusurwa huɗu, wanda ke ratsa ƙofa ya haɗa hannayen biyu. Ya ce aro ne, gobe zai maido. Ya bar mata rami a ƙofa. Humaira ta yi tafiya, ta shiga lakwal ta yi boko, ta fito, ta isa aure, ramin yana nan. Yadda Saratu ke shiga ɗakinta ta fita, Labo bai taɓa tambaya ba, tunda dai yana ganin tana shiga tana fita.

Abin ya fashe ranar da dangin mai neman Humaira suka zo ganin gida. Mata ne 'yan gayu, an sha lalle da turare. Saratu ta tsaya tana kokawa da ƙofarta a gabansu, sai wata mai bakin tsiya ta tuntsire da dariya ta ce, "A'a! Nan ne gidan Labo mai ƙohwa? Ko mun ɓace hanya?" Da suka tafi Saratu ta faɗa masa, idonta jawur. Ya saurara tsaf, ya ce, "Gobe." Da goben ta zo, Saratu tana Malbaza gidan uwarta.

Nan fa taubashina ya rikice. Ya rame, ya daina gaida ƙofofi, tuwon saye ya ƙi wuce masa maƙogwaro. Yana son matar nan, wallahi yana sonta, bakin faɗa ne babu. Na ce masa, "Kai bawan Allah, biko ake zuwa. A samu manya, a sayi goro, a ba da haƙuri." Ya ce to. Da na zo ɗaukarsa sai na gan shi da jakar aiki da sabon hannun ƙofa a kwali. Wai ya ji labari hannun ƙofar surukarsa ya lalace, in ya gyara za a gane abin da yake nufi. Na ce Allah ya shirye ka, hau mu tafi.

Sai na ɗan gaya muku wace ce surukar. Inna Gimbiya tsohuwa ce mai kunya irin ta mutanen da. Saratu ce ɗiyarta ta fari, don haka tun ranar suna ba ta taɓa kama sunanta ba; "waccan" take ce mata. Mijin ɗiyar fari kuwa ai ba a magana. Tunda aka ɗaura auren ba su taɓa haɗa ido da Labo ba. In ya zo gaisuwa ya durƙusa bayan danga, ta amsa daga cikin ɗaki, kowa yana kallon ƙasa kamar ya yar da allura. Ɗanta mai aiki a kamfanin siminti ya gina mata ɗaki na bulo, rufin kwano, ƙofar ƙarfe, taga ƙarama mai sanduna. Ɓarawo ba ya shiga, iska ma sai ta roƙa.

Da muka yi sallama, Inna Gimbiya tana tsakar gida ta gama shan kunu. Jin muryar Labo ta zabura ta faɗa ɗaki, ta lafe bayan labulen gado. Husna, matar ɗanta, ta fito ta tarbe mu, ta ce, don a rufa wa tsohuwa asiri, "Inna ta leƙa maƙwabta." Saratu kuwa tana madafa, ko leƙowa ba ta yi ba. Labo ya ji daɗi. Ya ajiye jaka bakin ƙofa, ya kwance tsofaffin hannayen, ya zare ƙarfen tsakiya. Da ya gwada sabon sai ya tarar ya yi wa ramin kauri. Ya miƙo mini tsohon da sabon, ya ce in kai wa mai walda a kasuwa ya rage sabon daidai da tsohon. Na ja moto, babur ɗin nawa, na tafi.

Abin da ya biyo baya daga bakin Inna Gimbiya na ji shi, don daga baya babu wanda ba ta ba labarin ba. Labo ya shiga cikin ɗakin don ya dubi ƙofar ta baya. Ƙarshen bazara ne, hadari yana haɗuwa ta gabas. Iska ta taso ta maka ƙofar, garam! Harshen makullin ya faɗa gurbinsa. Babu hannu ciki, babu hannu waje, jakar aiki tana tsakar gida. Labo ya sa yatsa a ramin, ya sa farce, ya ce, "Innalillahi." Sai ya ji an yi tari bayan labule.

Ta ce da ya gane tarin wa ne, sai ya juya ya manna goshi da bango, ya durƙusa, ya ce, "Ina wuni, Inna." Ta ce, "Lahiya lau." Can ya ce, "Ina gajiya." Ta ce, "Babu gajiya." Kwano ya ɗauki zafi, gumi yana tsiyaya, su biyu suna zaune kamar masu zaman makoki. Shi ba zai ɗaga murya gaban surukarsa ba, balle ya kira sunan ɗiyarta. Ita ba za ta yi ihu gaban surukinta ba, kuma wadda ke kusa, wadda za ta ji, ita ce wadda ba a kama sunanta. Husna ta tafi ɗebo ruwa. Suka gaisa har gaisuwa ta ƙare, suka koma farko.

Da na dawo, hannu rabbana na dawo, don mai walda ya karɓe ƙarafan duka biyu ya ce babu wuta, sai bayan la'asar. Na tarar da ƙofa a rufe, na ji ana raɗa ta ramin: "Ashiru. Ashiru. Ɗauko sukundireba." Na leƙa ta taga, na ga taubashina durƙushe yana fuskantar bango, na ga ƙafafun tsohuwa ƙarƙashin labule. Jama'a, na yi dariya har na zauna a ƙasa. Da na samu numfashi na zura sukundireba, ta yi ta juyawa a ramin ba ta kama komai ba. Na gwada wata, haka.

Kunya dai tana da iyaka, kuma iyakar ta Inna Gimbiya kunun nan ne da ta sha, ga maganin hawan jini da likita ya ba ta, mai sa mutum zarya bayan gida. Na ji ta fara kira a hankali: "Ke. Ke waccan." Shiru. "Ke waccan ta madahi!" Shiru. Sai kawai tsohuwa ta yaye labule, ta zo bakin taga ta buɗe maƙogwaro: "Saratu!"

Saratu ta fito da muciya a hannu, ta tsaya turus, don a rayuwarta ba ta taɓa jin sunanta a wannan bakin ba. Ta dubi ƙofar, ta dubi jakar fata, ta dube ni. Nan take ta gane komai.

Ta ce, "Malam, mi kake yi ɗakin Inna?"

Daga ciki aka ce, "Gyara."

Ta ce, "To, Allah shi taimaka." Ta juya za ta koma madafa.

Ai sai Inna Gimbiya ta juya kan Labo, ido cikin ido, karo na farko. "Kai yaron ga, ba ka da baki ne? An ce ka zo biko, ka kwaso mini ƙusoshi! Ƙohwata ce ta yi yaji? Buɗa baki ka yi wa matarka magana, in ba haka ba wallahi abin da za ka gani cikin ɗakin ga, ni da kai ba mu sake haɗuwa har lahira!"

Na ji Labo ya matso jikin ƙofar. Ya ce, ƙasa ƙasa, "Ki yi haƙuri."

Saratu ta ce, "Ƙohwar ƙarhe ce, ban ji ba."

Ya ƙara murya. Ta ce har yanzu. Sai taubashina, mutumin da ke sayen magana, ya kwarma ihun da maƙwabta suka leƙo ta katanga: "Saratu, na cuce ki! Na gyara ta kowa na bar taki! Gidan ba ya zaunuwa in ba ke, ki yi wa Allah ki dawo!"

Saratu ta ajiye muciya, ta kwance bakin zanenta, ta fito da wani tsohon cokali. Ta zura wutsiyarsa a ramin, ta ɗan karkata shi, ta danna da yatsa. Ƙyas! Ƙofa ta buɗe kamar da ma jiranta take. Inna Gimbiya ta fito a guje, ta kusa ture surukinta, ta suri buta ta yi bayan gida ko takalmi babu.

Labo ya fito sharkaf da gumi. Saratu ta kama hannunsa ta ɗora masa cokalin. Ta ce, "Ga hannun ƙohwar da ka yi mini. Tun Humaira tana goye da shi nake shiga ɗakina."

Ya juya cokalin yana dubawa, irin duban da yake yi wa kayan aiki. Wutsiyar ta cinye ta yi daidai da ramin, wuyan ya lanƙwashe, inda babban yatsa ke dannawa ya yi sumul yana ƙyalli. Sai ya dubi yatsan nata, ya ga kantar da ke jiki. Bai ce to ba, bai ce gobe ba. Ya sa cokalin a aljihu.

Bayan la'asar ya gama ƙofar tsohuwa, muka koma Konni mu biyu, don Saratu ta ce sai ta yi shawara. A ranar, kafin ya cire takalmi, ya sa wa ɗakinta hannu. Ba mai ruwan zinari ba, wani tsoho ne mai nauyi da ya daɗe yana ɓoyo a gindin jaka yana hana alhazai. Ya shafa mai, ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, har Humaira ta ce Baba ya isa haka.

Saratu ta dawo da ta ga dama, ni na ɗauko ta daga tasha. Ta shiga gida da ƙunshin kaya a ka, Labo yana tsaye gefe yana murza hula kamar sabon ango. Ta isa bakin ɗakinta. Ga hannun ƙofa nan a gabanta yana sheƙi, amma hannunta bai je can ba. Bakin zanenta ya tafi, tana lalubar cokali. Ta laluba, ta sake lalubawa, sannan ta tuna, ta yi 'yar dariya ta murɗa ƙofar ta shige.

Labo ya ga wannan lalube. Na waiga don in jefa masa magana, sai na tarar ya juya ya ba ni ƙeya, kafaɗunsa suna rawa, hannunsa cikin aljihun da cokalin yake. Tun muna yara nake tsokanar mutumin nan. Ranar na ja moto na fita a hankali, ban ko tayar da ita ba sai da na kai bakin titi.