Furen Usaina a Fadamar Azuba

Duk wanda ya sha nono a kasuwar Lafia wajen masu doya ya san Usaina. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma in ka tsaya yi mata ciniki sai ta rufe ƙwaryarta ta kalli wani wajen. Ni ina sayar da manja kusa da ita, mun daɗe tare, amma wallahi ban san abin da take ɗauke da shi a ciki ba sai ranar da komai ya lalace.

Tun kafin Lafia ta zama babban birnin jiha, rugarsu ta taɓa sauka a fadamar Azuba. Nan zazzaɓi ya ɗauke ɗanta na fari, bai ma fara tafiya ba. Maza suka binne shi, aka kaɗa shanu aka wuce. Ba dutse, ba itace. Abin da ta riƙe kawai, an sa shi a gindin wata albasar kwaɗi, irin mai farin fure da jan layi a tsakiya. Wannan irin ba ko'ina take fitowa ba, tana son ƙasa mai laima, kuma a duk fadamar gindi ɗaya ne. Da rani ta ɓace ƙarƙashin ƙasa, ruwan farko ta fito. Sai Usaina ta bi ta can da ƙwaryarta, ta ɗan tsaya, ta wuce kasuwa.

To, gari ya buɗe. Ma'aikata suka cika Lafia, kowa na neman fili. Aka yanka fadamar, aka zuba jar ƙasa, kwaɗin ma suka yi shiru. Filin da furen yake ya faɗa hannun Madam Francisca, malamar makaranta, mai sayen nono wajen Usaina.

Hankalin Usaina ya tashi. Ta rame, nono ya riƙa yin tsami a ƙwarya ba ta kula ba. Ta je ta sami Francisca har gida, ta durƙusa. Ai da sai ta buɗe baki ta ce akwai kabari a wurin! Ina! Bafillatana ba ta ambaton ɗan fari, ko yana raye, balle ta yi kukansa a gaban baƙi. Abin da ya iya fitowa kawai shi ne, “Madam, furen nan na filinki, don Allah a bar shi.”

Francisca ta yi dariya ta ce, “Mama, ba damuwa. Ba abin da zai same shi.”

Usaina ta je sau uku ko huɗu, kullum maganar ke nan. Wannan kunya tasu, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wata Asabar ta ce in raka ta Azuba. Muna isa ƙafarta ta tsaya. Katafila ta bi filin da na maƙwabta, ta share komai, ko ciyawa babu, jar ƙasa shimfiɗe kamar tabarma. Sai ga Francisca ta fito daga inuwar bulo da fara'arta, rungume da bokitin fenti, furen a ciki, an ba shi ruwa.

“Mama, ka gani? Na sa an tono maka kafin mota ya zo. Ko jijiya ɗaya bai tsinke ba.”

Usaina ta kalli bokitin ta kalli filin. Ta ce, “Daga ina aka tono?”

Francisca ta nuna gabas, ta sauke hannun, ta sake nuna wajen tsakiya. Leburori ne suka tono, kuma sun koma garinsu Agyaragu.

Usaina ta zauna daɓas a ƙasa. Da ƙyar muka ji muryarta: “Yarona na ƙarƙashinsa.”

Francisca ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka. Ta nemo leburorin, kowa ya nuna nasa wajen. Baiwar Allah, ta fasa gini a rabin filin, ta ce Usaina ta shiga duk lokacin da take so.

Usaina ta dasa furen inda zuciyarta ta ba ta. Da damina ta zagayo ta ce ba nan ba ne, ta tone ta matsar. Bara ma haka. Jiya na iske ta da fartanya, gwiwa a laka, ta ɗago ta tambaye ni, “Ke a ganinki, ba can ya fi kama ba?”