Ɗaurin da Na Yi wa Yaya

Shekarar da aka mayar da ni koyarwa Safana na sayi mota, tsohuwa 'yar Kwatano, kuma daga ranar kaina ya fi ƙarfin hulata. A kaf zuriyarmu ni na fara riƙe sitiyari. Yayana, wanda ya tsaya noma a Wagini don ni in yi boko, bai yarda da mota ba ko kaɗan. Jakinsa ya sani, sai babur in ta kama dole. Yakan ce duk abin da ba ya jin "tsaya" da baki ba abin hawa ba ne.

A wurin 'yan gwangwan a Katsina na ga wani bel na kujerar mota. Ja ne, mai faɗi, igiya huɗu gare shi, biyu ta kafaɗu, biyu ta ƙugu, su haɗu a kan cibiya. Mai shagon ya ce na motar tsere ne, irin wadda ke wuntsilawa direba ya fito yana ɗaga hannu. Guda ɗaya tak ya rage masa. Na saya, kuma Allah ya sani ba don kaina ba. Kujerar Yaya na yi niyyar sa wa, ko hankalinsa ya kwanta ya riƙa bari ina kai shi kasuwar Batsari.

Tsohon makaniken da ke duba mini mota a Batsari ya jujjuya shi a hannu ya miƙo mini.

"Malam, ba zan ɗaura ba. Motar tsere akwai kejin ƙarfe a cikinta, direban kuma da hular kwano. Taka rufinta bai fi langa-langa ba. Bel ɗin da ta zo da shi yana barin mutum ya karkata in ta kife. Wannan tsaye zai riƙe shi ƙyam."

Na yi dariya na ce, "Baba, ko ɗan aji ɗaya ya san huɗu ta fi ɗaya."

Na tafi wani gareji, aka kwance lafiyayyen bel aka huda ƙasan mota aka ɗaura nawa. Bayan sati biyu wani jami'in kiyaye haɗurra ya tsayar da ni a hanyar Katsina, ya leƙa, ya ce wannan ba shi doka ta sani ba, in mayar da na asali. Sai na juya harshe zuwa Turanci na dinga zuba masa. Ni fa haka nake, in na kafe ko jaki sai ya sara mini. Da ya gaji ya ce, "Allah ya kiyaye hanya," ya ɗaga mini hannu.

Ranar kasuwa ce, cikin damina, da hantsi. Da ƙyar Yaya ya yarda ya bar jakinsa ya shiga, buhun wakensa a but. Ni na sunkuya na ɗaure shi da hannuna, na ja igiyoyin ɗaya bayan ɗaya har ko motsi ba ya yi.

"Kai, ɗan boko," in ji shi, "ko ragon layya ba a yi masa wannan ɗauri."

Ba mu yi nisa da gari ba mai babur ya faɗo titi daga cikin dawa. Na kauce, taya ta zame a taɓo, motar ta gangara rami ta kife. Ni da ke sanye da tsohon bel na zube gefe, ƙujewa kawai na yi a goshi. Yaya yana nan zaune cak yadda na ɗaure shi, rufin ya lotsa ya same shi a ka. Mutanen da suka taru suka rasa yadda ake kwance abin, ni ma na yi ta ja ya ƙi buɗewa, sai da wani Bafulatani ya sa wuƙa.

A asibiti a Katsina aka ce lakarsa ta taɓu daga wuya. Hannuwan sun dawo kaɗan, ƙafafun ba su dawo ba.

Bai taɓa ɗora mini laifi ba, ko sau ɗaya. Ƙaddara yake cewa, duk wanda ya zo gaisuwa ma haka. Na yarda da ƙaddara, amma ni na yi wa tsohon nan dariya, kuma har yau in na shiga Batsari ba na iya bi ta ƙofar garejinsa. Kunya nake ji, da baƙin cikin da bai rage ba.

Duk Juma'a nakan je Wagini. Yana so a fitar da shi bakin gona ya ga dawar da 'ya'yansa suka shuka, ya yi musu faɗan rashin iya huɗa. Ba ya iya zama a kujera shi kaɗai, zamewa yake, sai an zagaya masa tsohon rawani ta ƙirji an ƙulle a baya. Ni nake ɗaurawa. Makon jiya ina cikin ƙullin, ya ɗan juyo da ido.

"Sassauta kaɗan, Malam," ya ce. "Ba inda za ni."