Matar da ta hana a ɗauki hoton kukanmu

Shekara biyar ke nan da muka binne Mama Rifkatu. Ba ita ta haife ni ba. Maƙwabciyarmu ce a ƙauyenmu na kudancin Borno, kuma da gudun hijira ya watso mu sansanin Kuchigoro, ni ba uwa ba uba, ita ta ɗaga labulen buhun ɗakinta ta ce in shigo. Ni ba marubuciya ba ce, sakandare na gama, yanzu ina aiki a wani kantin magani a Mararaba. Amma a cikin watan nan an nemi in yi wani abu da ya sa na yi ta tambayar kaina, da tana raye me za ta ce. Shi ya sa na ɗauki biro.

A ƙauye, idan abin hannu bai isa a tura kowa makaranta ba, namiji ake turawa, mace ta bi uwarta gona. Ba mugunta ba ce, haka aka tarar. A sansani ne wasu coci-coci na cikin gari suka fara ɗaukar nauyin karatun 'yan mata, kowace yarinya da wanda ya tsaya mata. Mama ce shugabar zumuntar matan coci, ita ke bin iyaye ɗaki-ɗaki. Wanda ya ce karatun mace a kicin yake ƙarewa, sai ta ce masa to ai ko a kicin ɗin gara wadda ta iya karanta kwalin magani, kada ta ba shi na ɓera. Haka ta shigar da mu, har da 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi, don ta ce allo bai san addinin mai alli ba.

Akwai abin da muke kira ranar baƙi. Ranar ce masu tallafin suke zuwa ganinmu. Jami'in da ke kula da shirin, wanda muke kira Oga Bulus, yakan zo da kyamara tun da hantsi. Yakan ce kada mu shafa mai, kada mu sa kayan makaranta, mu tsaya jikin ɗakin da ledarsa ta fi yagewa. Sannan a fito da yarinyar da labarinta ya fi nauyi, ta faɗi abin da ta gani ranar da aka shigo ƙauyensu. Ba zan ɗora masa laifin da bai yi niyya ba. Ya yi imani cewa baƙo ba ya buɗe hannu sai zuciyarsa ta karye, kuma sau da yawa gaskiyarsa ce.

Labarina ne ya fi nauyi, don haka ni ake fitarwa. Baƙi su yi hawaye, su yi mini addu'a, su shiga mota. Ni kuma in kwana biyu ba na iya haɗiye abinci. Ƙarar babur kawai zan ji a aji, sai a same ni ƙarƙashin benci. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura, balle a ce kullum ana sa shi ya sake nuna wurin saran.

Wata ranar baƙi, na buɗe baki ke nan, sai ga Mama ta taso daga bakin murhu da muciyar kunu a hannu. Ta tsaya tsakanina da kyamarar.

"Bulus, ɗana, kashe abin nan."

Ya rage murya ya ce mata, ai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ta ce, "Askin muka yarda, ba fiɗa ba." Sannan ta juya ga baƙin. "Makaranta kuka sa ta. To ku tambaye ta abin da ta koyo. Abin da ya same ta, ita da Ubangijinta sun san shi."

Can wata dattijuwa cikin baƙin ta tambaye ni darasin da na fi so. Na yi mata bayanin yadda jini ke shiga zuciya ya fita. Na yi kuskure wuri ɗaya, ta gyara mini, ashe ma'aikaciyar asibiti ce. Ranar ce ta farko da wani baƙo ya yi mini magana kamar ɗaliba.

Kada mai karatu ya zaci abin ya tafi a banza. Wasu baƙin ba su sake dawowa ba. Akwai 'yan matan da suka zauna gida zango guda, iyayensu suka yi ta zagin Mama a bakin famfo, wai girman kanta ya toshe wa yara hanya. Ta sha kuka a ɓoye, na gani. Ta riƙa ɗaukar bokitin kunu har unguwar Durumi tana sayar wa leburori don ta cike gurbi, ta bi fastoci har sai da yaran suka koma aji. Amma ba ta janye ba. Daga lokacin, ranar baƙi sai an yi wanka, an shafa mai, an sa kayan makaranta. Takan duba mu ɗaya bayan ɗaya tana cewa, ke ɗaga kai, ba gawa aka zo gani ba.

Da za ta leƙo yau, da ta sha mamaki. Yanzu kowa da kyamara a aljihu. Mutum zai kawo kwalin taliya ɗaya da wayoyi uku, ya jera yara, kafin yamma duniya ta gan su. Na san abin da za ta ce, za ta tambaye shi ko taliyar ce ta yi rakiyar wayoyin. Amma za ta ga wani abu kuma. Cikin waɗanda ta shigar makaranta akwai mai koyar da yara a nan sansanin, akwai mai ɗinki da shagonta, akwai wadda ke karatun unguwarzoma. Ni kuma har rubutun likita nake karantawa, wanda ko matarsa ba ta iyawa.

Bana rayuwa ta yi tsada, tallafin ya ja baya. 'Yan matan da ke ƙananan azuzuwa za a sallame su idan ba a sami masu tsaya musu ba. Cikinsu akwai Kauna, yarinyar da nake yi wa kitso tun tana rarrafe. Oga Bulus ya zo har kanti ya same ni. Ya yi furfura yanzu, kuma bai matsa mini ba. Ya ce wani babban coci a cikin gari ya ba mu lokaci a sujadar Lahadi, kuma shi a ganinsa labarina ne kawai zai buɗe hannaye.

Ban ɓoye wa kaina ba, har yau tsoron bai sake ni ba. A mota ina zama kusa da ƙofa. Lokacin Kirsimeti, idan yara suka fara fasa abin wasan nan mai ƙara, ba na fita. Kuma tambayar ta yi mini nauyi: mutuncina ya fi karatun Kauna ne? Idan kukana zai mayar da ita aji, me zai hana in yi? Mama ma ai ta ga abin da matsayinta ya jawo wa wasu. Ban da tabbacin za ta ce mini kada in je. Abin da na tabbata shi ne ba za ta yarda a yanke mini hukunci ba, ni zan zaɓa.

Na je. Na hau gaban taro. Na ce musu abin da ya same mu ya same mu, ba zan faɗa ba. Na gaya musu aikin da nake yi, da wanda 'yan'uwana suke yi, da yadda Kauna ke ja da malaminta a lissafi har sai ya koma allo. Na ce idan suna neman abin tausayi, ba mu da shi na sayarwa, amma idan suna neman inda za su shuka, ga gona. Ba kowa ya ji daɗi ba. Wata ta riƙe hannuna bayan sujada tana so sai na faɗa mata a kunne, na yi mata godiya na zare hannuna. Wasu kuwa sun karɓi sunayen yaran da za su tsaya musu, har da na Kauna. Ba su isa duka yaran ba, saura suna jira, kuma zan je wani cocin.

Mama ba ta bar gida ba, ba ta bar fili ba, ko ɗakin buhun nata wasu ne a ciki yanzu. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma na ga inda nata ya manne. Ranar da Kauna ta koma makaranta, wani baƙo da waya a hannu ya tare ta, ya ce ta ajiye jakar ta tsaya jikin wata yagaggiyar leda. Yarinyar da ba ta ma tuna fuskar Mama sosai ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ya yi haƙuri, za ta makara. Ta gyara jakarta ta wuce.