Jan Tabo a Likkafanina

Da hannuna na sa kwalbar a cikin likkafanina. Wannan nake so a fara sani, kada a ɗora wa ɗana abin da bai yi ba. Wanda ya yi ma ya ishe shi.

A Makka muka sayi yadin, ni da maigidana, fari, bandir guda. Muka jiƙa shi da zamzam, ya kama baki ɗaya na kama ɗaya, muka shanya a rana. Da muka koma Maraɗi ya raba shi biyu. Rabinsa yana kabari tare da shi. Nawa rabin ya biyo ni Greensboro, nan ƙasar nasara, a akwati, kuma babu matar da ta taɓa shiga ɗakina ban buɗe na nuna mata ba. Ni ke wankan gawar mata a cikin mutanenmu na nan. Wadda ta naɗe mata da yawa, ai dole ta yi taƙama da nata.

Ɗana, na fari ne, ba na kama sunansa, ya ce mini a gonar inabi yake aiki, can yamma da gari. Na yi ta baza zancen a gidan suna da gidan biki: 'ya'yan wasu tasi suke ja, nawa manomi ne kamar ubansa. Ranar da za mu tashi daga unguwar Glenwood zuwa gabashin gari, ina kwashe kayan kicin, sai ga kwalba a bayan buhun shinkafa. Baƙa, mai nauyi, da hoton gona a jikinta. Ban shiga lakwal na yi boko ba, rubutun nasara tonon kaza ne a wurina. Na ce ruwan inabin gonarsu ne ya ɓoye mana sai Salla. Don kada ta fashe, na cusa ta tsakiyar ninkin likkafani, inda ya fi ko'ina laushi.

Akwatin ya suɓuce wa masu ɗaukar kaya a matakala. Ban ji ƙarar komai ba. Sai bayan kwana uku na buɗe, ga zafi ana yi kamar a bakin murhu.

Ƙamshi ne ya fara tarye ni, kuma shi ya fi ba ni haushi, da ma wari ne. Kamar ɗinya ta nuna ta wuce, da ɗan hayaƙin itace a ƙarƙashi. Na warware yadin. Jan ya ratsa ninki bayan ninki, ya fito a jere kamar aikin marina.

Ɗana ya tsaya a bakin ƙofa, ya ga fasassun kwalba.

"Inna, ina kika samo wannan?"

"Bayan shinkafa. Mene ne?"

Matarsa ce ta amsa daga bayansa: "Giya ce, Mama. Marlo suke ce mata. Tun bara nake cewa ya zubar."

Sai ya durƙusa ya fayyace. Gona dai gona ce, amma inabin ba na ci ba ne. Matse shi ake yi, a zuba a gangunan wani itace da suke kira ok, ya kwanta shekara da wani abu. Shi aikinsa yankan reshe, tsinka, da wankin ganguna. Ya rantse bai taɓa kurɓa ba. Mai gonar ce ta ba shi kwalba daga layin da ya dasa da hannunsa, ya kasa sha, ya kasa zubarwa.

"Manomi!" na ce. "Ubanka gero ya noma, aka ci aka yi salla."

Na shiga wanki. Sabulu, gishiri, lemun tsami. Na jiƙa kanwa na zuba, sai jan ya koma shuɗi-shuɗi, ya ƙara zama daram. Surukata ta kawo jabel, ruwan nan mai farar da tufafi, na gwada a gefe, yadin ya fara sakin zare. Ina cikin ɗauraya ta bakwai, ina kallon ruwa yana bin rariyar baho, sai na farga: ba giyar kaɗai nake wankewa ba. Zamzam ɗin da muka jiƙa shi da shi ne ke tafiya ƙarƙashin Greensboro. Na rufe famfo, na zauna a bakin baho.

Na sa aka kira mini malaminmu a waya.

"Hajiya, tunda kin wanke ya tsarkaka," ya ce. "Launi ba ya hana komai. Kowane farin yadi ma ya wadatar."

"Malam, kai ba ka shiga ɗakin wankan mata. Ni na san idon da za su haɗa."

Gaskiya ne, mai wanka tana rufe abin da ta gani. Bakin ake rufewa. Ido ya riga ya gani, hanci ya riga ya ji.

Na ce da ɗana, mai dafi shi ya san makari, ka kai ni gonar. Muka je da hantsi. Inabi jere a kan waya har gindin tudu, babu ciyawa ko ɗaya, abin da ban so in yaba ba na yaba a zuci. Rumfar gangunan sanyi ƙalau, suna kwance kamar shanu, ƙamshin akwatina ya cika wurin. Mai gonar tsohuwa ce kamata, siririya, farcenta baƙi da ruwan inabi. Ta tambaya ko mayafin tebur ne. Ɗana ya gaya mata abin da yake. Ta cire hularta.

Ta ɗaure yadin a bakin babban baho, ta tafasa ruwa, ta hau akwaku da tsufanta tana kwararo shi daga sama. Sau huɗu ta hau. Tabon ya dushe ya koma ruwan toka, ya tsaya nan. Ta ce zafi da kwanaki sun riga sun dafa shi cikin zare. Ta ce za ta saya mini sabo, mafi kyau.

"Gaya mata na gode," na ce. "Gaya mata ba a kanti ake samun wannan ba."

A hanya ɗana ya ce zai mai da ni Makka in jiƙa wani. Ya manta likita ya hana zuciyata doguwar tafiyar jirgi. Ko na je ma, da wa zan raba shi biyu?

Washegari na ɗauki almakashi. Na bi tabon ɗaya bayan ɗaya ina yankewa, na ware ƙyalle mafi tsawo da ya tsira. Na shimfiɗa shi a tsakar ɗaki na kwanta a kai, na kira surukata.

"Ja shi ya rufe kaina. To, duba ƙasa. Ya kai?"

Ta ja, ta leƙa ƙasa.

"Daga ƙwauri ne babu, Mama."

Na naɗe gwiwoyina, na ce ta sake ja. Ya rufe ni ruf. Ɗana daga bakin ƙofa ya ce, "Alhamdu lillahi, Inna, ya isa."

Bai taɓa wanke gawa ba. Miƙe ta ake yi. Na miƙe ƙafafuna, suka sake fita.