Goggo Dije da Kujerar Rahila

Duk wanda ya zauna da Goggo Dije a unguwar Bani Malik ta Jidda ya san ba ta taɓa buɗe baki ta ce a yi mata abu ba. Ba za ta ce a kunna fitila ba, sai dai ta ɗaga kai ta kalli rufi ta ce, "Ɗakin nan da duhu." Ba za ta ce a kawo ruwa ba, sai ta ce, "Ikon Allah, ashe maƙogwaro ma yakan bushe." In ka yi kunnen uwar shegu, za ta zauna a duhun tana jan carbi har kunya ta tashe ka. Wata rana yayana Usman ya gwada ta, ya ce, "Goggo, in fitila kike so ki faɗa mana kawai, halas."

Ta ce, "Ni na ce ina so? Labarin ɗaki nake ba ka."

Ai kuwa shi ya tashi ya kunna.

Yaran yanzu sun ɗauka tsufa ne ya kawo wannan hali. Ina! Daga Kartum ta taho da abinta. Goggo yayar babanmu ce, kuma tana sabon aure ta yi aiki a ɗakin ibadar Yahudawa, lokacin da akwai sauransu a garin. Shara, dafa shayi, sai kunna wuta ranar Asabar, don a addininsu ba sa taɓa wuta ran nan, kuma ba sa ce wa wani ya kunna musu kai tsaye. Sai dai su yi zancen duhu a gabanta, ita kuma ta gane. Takan ce, "Shekaru na yi ina gane nufin mutane ba su faɗa ba. Yanzu kuma ni za a gane wa."

A bayan ɗakin ibadar akwai wani ɗan aji. Da safe yaran suna makarantar boko tare da 'ya'yan kowa, da yamma kuma, kwana biyu a mako, su zo nan su koyi addininsu. Goggo tana bakin ƙofa da tsintsiya, har manhajar ta zauna mata a kai tsaf. In ta so ta ba mu haushi sai ta jero ta tana lanƙwasa yatsu: "Shekarar fari, haruffa da zuma. Ta biyu, labarin annabawa. Ta uku, bukukuwa, da dalilin kowanne. Daga nan addu'o'i. In yaro ya kai sha uku ya miƙe gaban manya ya yi karatu shi kaɗai, uwarsa ta yi kuka, a ci abinci." Ta ce malamin nasu yakan ce su 'yan kaɗan ne a cikin jama'a mai yawa, kuma lokacin da yaran ke hannunsa kaɗan ne, don haka duk abin da ya zuba musu dole ya kama.

Daga nan sai muryarta ta sauka. Ta ce ajin nan a gabanta ya mutu. Gidaje suka riƙa barin ƙasar ɗaya bayan ɗaya, wasu ko sallama babu. Ta zo da tsintsiya ta tarar an ƙara samun kujerar da ba kowa, ta ɗauke ta ta jingine a bango. A haka har ta jingine ta ƙarshe.

Shi ya sa ranar da ta yi mini magana da Hausa na ba ta amsa da Larabci, ina 'yar shekara shida, ta zuba mini ido har tsigar jikina ta tashi. A makon nan ta share ɗakin saman bene ta buɗe aji. Abin da take tsoro ba ta ɓoye shi ba: kada ajinta ya ƙare yadda wancan ya ƙare, kada wani ya zo ya jingine kujerunmu. Da can ranar Alhamis muke hawa. Da aka mayar da hutun mako Juma'a da Asabar, aji ya koma Asabar, ta yi dariya har da tari, ta ce, "Kun gani? Har gwamnati ta biyo ni."

Wanda ya yi shekarar fari a wurinta ba zai manta da zumar nan ba. Za ta rubuta alif da ba a allo, ta ɗiga zuma a kan harafin, ta ce ka lasa, don karatu ya shiga da daɗi. To amma Goggo ce fa! Da tsinken ashana take ɗibar zumar. Kwalba guda ta yi mana aji, ta yi wa ƙannenmu, ta zo ta yi wa 'ya'yanmu. Usman ya lashe allonsa ƙal ya ce, "Goggo, wallahi tawada kawai na ji."

Ta ce, "Madalla. Ka ji karatun ke nan. Zumar sai ka girma."

Da labari ya kai unguwar Waziriyya, malaminsu, Malam Tijjani, ya yo takanas, da rawaninsa da goransa na ruwan sanyi. Ya haura benen yana haki, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, an ce mini kina koyar da 'ya'yan Musulmi da manhajar Yahudawa."

Goggo ta ce, "Malam, tukunyar na aro, tuwon namu ne. Zauna ka ɗanɗana."

Ya zauna. Ya ji mun kawo ƙissar Annabi Yusufu da Hausa, ya ji mun ja Fatiha ba gargada, ya ji wata 'yar shekara takwas ta bayyana dalilin layya. Ya fara gyaɗa kai ke nan sai Goggo ta miƙe za ta ƙirga mu. Kun san yadda take yi. Ta ce a can ba a ƙirga mutane kai tsaye, don kada a ja musu ido. Ta fara nuna mu da carbi: "Ba ɗaya ba, ba biyu ba, ba uku ba..."

Malam ya ce, "Hajiya, to su nawa ne?"

Ta ce, "Ba tara ba."

Malam ya ƙirga mu da ido, ya sake ƙirgawa. Mu takwas ne. Ya bi inda carbin ya tsaya da kallo, ya ga wata ƙaramar kujera a kusurwa, ba kowa a kai, ga kofin shayi a gabanta yana tururi. Ya sauka da sauri har ya manta goransa, kuma bai taɓa aiko a karɓa ba. A makon da ya biyo sai ga jikokinsa biyu an kawo su aji, amma shi a bakin titi ya tsaya.

Wannan kujera ita ce ta Rahila, wata yarinya 'yar ajin Yahudawan nan na Kartum. Goggo ta ce a wani babban bikinsu na shekara, ƙaramin yaro a gida shi ke fara tambayar manya me ya sa ake yin kaza da kaza, kuma ba a soma labari sai ya tambaya. Sukan cika kofi guda su ajiye, su buɗe ƙofa, wai ko Annabi Iliyasu zai shigo. A aji na uku yara ke gwada duk wannan. A shekarar ƙarshe Rahila ce ƙarama, ita aka ba tambayoyin. Yarinya mai tsoron kuskure, sai ta riƙa bin Goggo tsakar gida tana rera mata su, Goggo na shara tana gyaɗa kai kamar ta san me ake faɗa. Ana saura kwanaki kaɗan bikin, aka wayi gari gidansu a kulle.

Goggo ta ce, "Annabi ba ya bukatar shayina. Amma yarinyar nan ba ta yi tambayarta ba."

Don haka duk ranar aji sai an ajiye kujera, an zuba shayi, an bar ƙofa a buɗe. Zafin Jidda ya shigo, na'urar sanyi ta yi ta gurnani a banza, Usman ya yi ta mitar kuɗin wuta, ƙofa dai ba a rufewa. Kuma dokar ajin ita ce ta can: ba ta soma darasi sai ƙaramin cikinmu ya yi tambaya, da Hausa. Akwai ranar da muka zauna shiru tun la'asar har aka kusa kiran magariba, don ƙaramin namu ya kafe sai da Larabci zai yi. A ƙarshe ya fashe da kuka ya ce, "Yaushe za mu tafi gida?" Goggo ta ce, "Yawwa! Tambaya mai kyau," ta soma ba mu labarin hijira.

Abin da ba ma son faɗa a waje shi ne, shayin nan yana raguwa. Mun sa ido, mun sa alama da alli a jikin kofin. Kafin a tashi sai ka ga ya sauka kamar kurɓi biyu na yaro. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya ce mu daina shirme, zafin gari ne ke shanye shi.

Goggo ta ce, "To zafin garin nan da ladabi yake. Bai taɓa taɓa nawa kofin ba."

Wani lokaci in iska ta kaɗa ƙofar, takan tsaya tsakiyar magana ta juya kunne, ta ɗan gyaɗa kai a hankali kamar mai bin waƙa, sannan ta ci gaba. Ba mu taɓa tambayarta me ta ji ba. Ni dai har na yi aure ban yarda na hau saman nan ni kaɗai ba.

Bara gwiwoyinta suka ƙi bene. Aji ya tsaya. Muna zaune a ɗakinta, ni da Usman da matarsa, sai ta kalli rufi ta ce, "Sama da duhu." Duk mun gane. Kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa, don wannan yana fama da kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa, wancan iƙamarsa ta zaman ƙasa ta kusa ƙarewa, ni ga ɗinkin mutane ya taru mini. Usman, sarkin dabara, ya fita ya sayo sabon ƙwan fitila ya haura ya sa, ya dawo yana karkaɗe hannu.

Goggo ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ka canza ƙwai. Duhun yana nan."

Ta sake faɗa sau da yawa kafin ta rasu, kuma ko sau ɗaya ba ta ce wance ki karɓi ajin ba. Na ji haushinta a kan haka, wallahi na ji. Da ta kira sunana da na ce to, ko na ce a'a, magana ta ƙare. Amma ta bar mu da labarin ɗaki.

Asabar ta farko bayan an watse daga zaman makoki, ina ninke kayanta bayan la'asar, sai autata Hanan ta zo ta tsaya a gindin bene. Kun san Hanan. Tana jin Hausa sarai, amma ko da alewa ba ka raba ta da Larabci, daga "leh", wato don me, sai "ma abgha", wato ba na so. Ta ɗaga kai ta kalli rufi, ta karkatar da wuya irin na Goggo, ta ce da Hausa tas, "Sama da duhu."

Da sauran rana fa, hasken Jidda har yana kashe ido. Zanen da ke hannuna ya faɗi.

Na ce, "Wa ya ce ki faɗi haka?"

Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Yalla, Ummi," ta kama hawa.

Na bi ta. Ƙofar a buɗe take, alhali makullin yana cikin jakar Goggo da na gama zazzagewa yanzun nan. An share ɗakin, an jera kujeru. Yara shida na zaune, 'ya'yan jikokin Malam Tijjani da na maƙwabta, sun ce sun ga ƙofa a buɗe daga titi ne suka hau. Daga baya Usman ya rantse ba shi ba ne, matarsa ma ta rantse, har yau ba wanda ya amsa. Kwalbar zuma tana kan taga da tsinken ashana a gefenta. A kusurwa kuwa kujeru biyu ne ba kowa, ƙarama da babba, kowace da kofinta.

Na so in juya. Sai na ji bakina ya soma da kansa, ina nuna su da yatsa: "Ba ɗaya ba, ba biyu ba..." Da Hanan su bakwai ne. A "ba tara ba" na tsaya.

Yaran suka juya suna kallon Hanan, don ita ce ƙarama, kuma sun san doka. Ta yi ta murza gefen rigarta, sannan ta ce, "Ummi, me ya sa kujera ta zama biyu?"

Na zauna a inda Goggo ke zama. Tambaya aka yi, dole a ba da amsa. Na soma daga Kartum, daga wata mata mai tsintsiya, ina yi hawaye na zuba, yaran na gyara mini inda na tsallake. Tun ranar nake hawa benen nan duk Asabar. Ban leƙa kofunan ba, kuma ba zan leƙa ba.

Ya Allah, baiwarka Dije ba ta iya cewa a yi mata ba, mu ne muke roƙa a madadinta, kai tsaye. Ka gafarta mata, ka yalwata makwancinta. Ta daɗe tana kunna wa bayinka fitila ba su tambaya ba. Ya Allah, kada ka bar ɗakinta da duhu. Amin.