Matar da Ta Ba da Aron Wuyan Mijinta

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kafin masu shagunan layin su gama share ƙofa, ita ta riga ta buɗe kantin maganinta. Ta goge kantar da take sayar da magani a kai, ta rataya tabarau a wuya, ta cika randar ruwan sha da ke gefen benci. Ƙarshen watan nan za ta miƙa makullai ga 'yar ƙanwarta ta koma gida ta huta. Ya kamata a faɗi alherinta yanzu, tun tana ji da kunnenta.

Sunanta na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Kowa Sai-Takarda yake ce mata. In ka nemi maganin mura ko na ciwon ciki, za ta ba ka har da nasihar da ba ka tambaya ba. Amma in ka rage murya ka nemi ƙwayoyin nan masu ƙarfi na kashe zafin ciwo, ko kai ba za ta ɗaga ba, za ta ce sai da takardar likita. Waɗanda ta hana ne suka laƙaba mata sunan don su ba ta haushi, ita kuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu.

To, hani kawai ba abin jinjina ba ne, duk mai taurin kai zai iya. Abin da ya bambanta ta shi ne ba ta korar wanda ta hana. Sai ta nuna masa benci, ta miƙa masa ruwa, ta tambaye shi ina ke ciwo, kuma wa ya san halin da yake ciki a gida. Da yawa sun tashi suna zage-zage. Wasu kuwa sun zauna, kuma ɗaya daga cikinsu ya yarda a ba da labarinsa.

Mai askin ƙarshen layi ne, mutum mai daɗin hannu da ake bin layi don a zauna a kujerarsa. Babur ya kaɗe shi, ya karye a cinya, likita ya rubuta masa ƙwayar mako biyu. Ƙashi ya warke, amma ƙwaya ba ta sake shi ba. Bayan shekara guda, in bai sha ba hannunsa rawa yake, in ya sha kuma sai gyangyaɗi da aska a hannu. Ranar da ya yanki telan layin a kunne, masu zuwa aski suka watse. Matarsa ta yi haƙuri har haƙuri ya gaji, ta kwashe yara ta koma gidan yayanta. Ta bar masa magana ɗaya, cewa ranar da ta ga mutane sun koma zama a kujerarsa za ta dawo.

Wata safiya ya shigo kanti da takardar da ya rubuta da kansa, ya sa sunan likita a ƙasa. Bawan Allah ya zage ya tsara rubutu tsaf, kowane harafi a zaune. Sai-Takarda ta karanta, ta dube shi, dariya ta kusa ƙwace mata.

“Ɗan nan,” in ji ta, “shekara ashirin ina fama da rubutun likitan nan, shi kansa ba ya iya karantawa. Wannan kuwa ko tabarau ban sa ba. Zauna.”

Ya ɗauka 'yan sanda za ta kira. Da ya ga ruwa ta miƙo masa, sai ya fashe da kuka, ƙato da shi. Tausayinsa ya kama ta ƙwarai, don ta san shi tun yana koyon riƙe almakashi. Ta rufe kanti da rana tsaka, abin da ba a taɓa gani ba, ta tasa shi gaba har wurin likitan. Likita ya ce ba a yanke ƙwayar nan rana ɗaya, sai dai a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Aka tsara maganin ya zauna a hannunta, kullum da safe ya zo ya sha rabon ranar a gabanta.

Watanni huɗu aka yi ana wannan, kuma ba su yi daɗi ba. Ya sha fama da zufa da amai da ciwon gaɓoɓi. Akwai ranar da ya zage ta tas a gaban mutane. Akwai makon da ya ɓace, ya samo ƙwaya a wani wuri, ya dawo yana sunkuyar da kai. Ba ta yi masa gori ba, ta ce gobe da safe tana nan, aka koma wurin likita aka sake tsari. A hankali hannun ya tsaya, idanu suka washe.

Sai dai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake. Mai aski ya warke, amma kujerarsa ƙura kawai take tarawa. Mutane na gaishe shi da fara'a, su wuce da sumarsu zuwa wani shago. Sai-Takarda ta san in zaman banzan nan ya yi tsawo, duk wahalar da aka sha za ta tashi a tutar babu.

Nan ta juya kan mijinta, tsohon direba mai ƙasumba, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Ta ce masa ranar Asabar mai askin layi ne zai gyara masa fuska, kuma da aska.

“In kin gaji da ni ai sai ki faɗa,” in ji tsohon, “ba sai an sa ƙarfe a maƙogwarona ba.”

Ya yi ƙorafinsa har ya gaji, ranar Asabar kuma ya sa hularsa ya bi ta. Ta sa aka fito da kujera bakin ƙofa inda kowa zai gani. A ɓoye kuma ta riga ta aika wa matar mai aski cewa ta zo.

Mai aski ya wasa aska, ya matso kusa da Sai-Takarda. “Mama, in hannuna ya yi rawa fa?”

“Ga auduga da filasta a jakata. Amma wata huɗu ina kallon hannun nan kowace safiya. Fara.”

Layi ya cika da 'yan kallo. Tsohon ya rufe ido, leɓɓansa na motsi, babu addu'ar da ya bari a baya. Aska ta bi kumatu, ta gangara haɓa, ta sauka wuya. Can sai aka ji wani gurnani, ashe tsohon barci ya kwashe shi har da minshari. Dariya ta ɓarke ko'ina. Da aka tashe shi ya shafa fuska, ya dubi madubi, ya ce ya rage shekara goma, matarsa ta yi hattara. Bai gama tashi ba tela ya haye kujerar, ya ce ga ɗaya kunnen. Matar mai aski kuwa ta ratso mutane, ta ɗauki tsintsiya ta fara share gashin da ya zuba.

Ke ce kika yi wannan, Sai-Takarda, uwar bayan kanta. Ke ce kika gane cewa da yawa cikin masu neman ƙwayar nan ba 'yan iska ba ne, ciwo ne ya buɗe mata ƙofa ta shige su. Kin rasa ciniki, kin sha zagi, ba a taɓa kiran sunanki a wani taro ba. Mun gani, kuma mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai daɗi, ya ƙara wa tsohon direba haƙuri da ke.

Masu kantin magani, likitoci, da ku da kuke da irin wannan mara lafiya a gida, ga hanya an nuna muku. Ku hana, amma kada ku kora. Ku kai mutum wurin likita, ku tsaya da shi har ya miƙe, in ya miƙe kuma ku fara zama a kujerarsa.

Matar mai aski ta ce a isar miki da saƙo, Mama. Ta ce a da, in yara suka ji motsin babansu a ƙofa, ƙarƙashin gado suke shigewa. Yanzu faɗa suke yi a kan wa zai buɗe masa.