Kin Taɓa, Sai Ki Tafi da Shi

Babana bai taɓa buga ces, wato darar Turawa, don ya ci wani ba. Abin da yake yi shi ne maimaita wasan mutanen da suka mutu tun ba a haife shi ba. Yana da wani tsohon littafi da abokin aikinsa ya bar masa, wani malamin lissafi ɗan Binuwai da suka koyar tare a sakandare, wanda shi ya koya masa wasan tun farko. Littafin na wata gasa ce da aka yi a wani birni mai sanyi a Turai, gab da yaƙin duniya na farko, inda gwanayen zamanin suka haɗu. Gara ta cinye bangon, amma ta bar hotonsu a ciki. Kowa da kwat, kowa ya ɗaure fuska, yawancinsu da gashin baki kamar rabawa aka yi.

Kullum bayan la'asar zai fito da allon a zauren gidanmu na Kwamba, ya ɗora a kan benci. Yayyena maza tun da wuri suka gano hanyar filin ƙwallo. Ni aka bari, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Uwata yake kirana, kuma ya ce ba zai yiwu in gudu in bar ɗana shi kaɗai ba. Shi ke riƙe farare, ni baƙaƙe. Ba ya duba littafin. Duk wasannin suna kansa, ni ce mai leƙawa.

Akwai wanda ya fi so a cikinsu, muna kiransa wasan tsoho da saurayi. Tsohon zakara ne da ake ta cewa zamaninsa ya wuce, saurayin kuwa ba wanda ya iya kayar da shi a gasar. Tun da wuri suka yi musayar sarauniya, wasan ya yi lakwas kamar ba abin da zai faru. A hankali tsohon ya dinga matse yaron har ya rasa inda zai motsa. Ba sai na faɗi ɓangaren da Baba ke ɗauka ba. Na sha kashi a madadin saurayin nan fiye da yadda shi kansa ya sha.

Doka ɗaya ce Baba ba ya wasa da ita. Duk abin da hannunki ya taɓa a kan allo, shi za ki motsa. Yana ajiye rular katako ta makaranta a gefensa. In na kai hannu kan doki alhali soja ya kamata in tura, sannan na janye, rular za ta sauka a bayan hannuna kafin in ƙifta ido.

"Kin taɓa, sai ki tafi da shi."

In na tafi da shi kuma wasan ya lalace, don ba haka mamacin ya yi ba. Sai ya kwashe komai mu faro daga farko, tuwona yana can yana hucewa. Wata rana haushi ya ishe ni, na ce, "Baba, mutanen nan fa duk sun mutu. Wa zai kai ƙarata?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Su da suke gwanayen duniya ba su mayar da hannu ba. Ke wace ce, Uwata?"

Na tsani rular nan. Na taɓa jefa ta a kwata, ya tsamo ta ya wanke, ya mayar da ita gefensa.

Na girma, na yi aure, muka tare a Maje, na sami aiki a Abuja. Mai fita da sassafe ya dawo ta cikin gosulo ba shi da la'asar. Allon ya koma na ranar Asabar, wani lokaci ma sai wata ya wuce ban je ba.

Bayan rasuwar mahaifiyarmu mantuwa ta fara kama Baba. Ya fita masallaci, sai wani mai keke ya dawo da shi daga unguwar Wambai, wai ya same shi yana neman gidan iyayensa da aka rushe tuntuni. Muka kai shi asibiti. Likita ya yi bayani mai tsawo, ƙarshensa dai ba magani, sai kulawa. Yayyena suka ce a yi ta addu'a. Suna kira a waya, ban hana su ladansu ba, amma ba su ne ke shiga zauren ya miƙe tsaye yana cewa, "Sannu da zuwa, Hajiya, wa kike nema?" ba.

Ranar da ya fara kirana Hajiya na shiga bayan gida na yi kuka har ƙanwarsa, Goggo, da ke kula da shi, ta buga ƙofa. Da na fito, don in sami abin yi da hannuna, na ɗauko allon na jera. Ya zauna ya tura soja. Na tura nawa. Hannunsa bai yi kuskure ko ɗaya ba. Can tsakiyar wasa na yi jinkiri, sai ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Uwata, ke ake jira."

Daga ranar ban sake fashin Asabar ba. Mijina ya ce ina wahalar da kaina, na ce ya bar ni. Na san in dai an jera allon ina da uba, ko na ɗan lokaci ne. Har rular nake ajiye masa a gefe, kuma tana aiki, ko da yake dukan ya zama shafa.

Wasannin suka riƙa zubewa daga kansa ɗaya bayan ɗaya. Zai fara wannan ya ƙare a wancan, ko ya tsaya yana kallon allon yana motsa leɓe. Daga baya saura na tsoho da saurayi kawai. Shi ma ya fara yankewa a tsakiya, sai in buɗe littafin a cinyata in faɗa masa a hankali, ya yi kamar bai ji ba ya motsa. Kiran Uwata ya yi wuya. Akan yi Asabar biyu ban ji shi ba, amma dokar tana nan, kuma na ce wa kaina mutumin da ke tsare doka bai tafi ba.

Wata Asabar cikin damina na je, ruwa ya ɗauke, zauren yana warin danshi. Na jera allon, na ajiye rular. Ya yi motsin farko daidai, na biyu daidai. Bai kira ni da kowane suna ba. Tsoro ya kama ni, na yi abin da ban taɓa yi da gangan ba. Na ɗauki dokina, na ɗaga shi sama inda zai gani, na mayar da shi gidansa, na bar hannuna a kan allon.

Bai motsa ba. Na sake ɗauka, na dangwarar da shi har sojojin suka girgiza. Na miƙa bayan hannuna kusa da rular, ina jira kamar yarinya.

Ya dubi dokin, ya dubi hannuna, ya yi mini murmushin da ake yi wa baƙo.

"Ba komai, Hajiya. Ki sake tunani. Ai wasa ne."

Baba yana nan da rai. Yana cin abinci, yana barci, Goggo ta ce ya fi da sauƙin kai. Har yanzu ina zuwa ranar Asabar, don ban san abin da zan yi da ranar ba in ban je ba. Yakan miƙe ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi mutanen gida. Na daina jera allon. Rular tana cikin jakata, ina zuwa da ita ofis ina dawowa, ban taɓa auna komai da ita ba.